Mai Awo da Jan Layi

Mijin ƙanwata ne, don haka ba zan zage shi ba. Labarinsa kawai zan bayar, shi ma ya isa.

A ofishinmu Mai Awo ake ce masa. Dogo, abokin aikinmu, shi ya laƙaba masa sunan tun satinsa na farko, kuma don tsabar rashin gane inda aka dosa, mutumin nan daɗin sunan ya ji. Har amsawa yake yi da "Na'am" yana gyara wuyan riga.

Aikinmu rubuta manhajojin intanet. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a saman wani shagon tayoyi: Oga mai kamfanin, ni, Dogo, sai shi. Warin roba yana hawowa ta taga, fankar sama tana girgiza kamar za ta faɗo, kowa da kwamfutarsa da kofin shayinsa. A sana'ar tamu akwai wani kayan aiki da muke kira ma'auni. Idan kana gina manhaja ka ga shafi yana nauyin buɗewa, sai ka kunna shi, ya bi kod ɗinka, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhajar, layi-layi, ya rubuta a gefen kowane layi tsawon lokacin da ya ci. Layin da ke wucewa da sauri ya bar shi kore, mai jan ƙafa kuma ya shafa masa ja. Abu ne mai amfani, ban musa ba. Ni ma ina kunna shi, yadda ake ɗauko tocila idan allura ta faɗi. An ga allura, a kashe tocila a ci gaba da ɗinki. Shi kuwa Mai Awo bai taɓa kashe nasa ba.

Ciwon ba a ofishinmu ya kama shi ba, da shi ya taso. Mahaifiyarsa da bakinta take ba da labari, da alfahari kuwa, wai tun yana ɗan firamare yake ɗaukar agogon hannun babansa ya tsaya a ƙofar banɗaki, yana auna wa ƙannensa lokacin wanka. Wanda ya daɗe ya kai ƙararsa. Ta ce tun daga nan ta san yaron zai zama wani abu. Ni dai ba a gidanmu nake ba, don haka a raina na ce ai kuwa ya zama.

Aikinsa na farko wata makaranta ce ta ɗauke shi, ya gina musu shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu. Zangon karatu guda ya kwashe a kan shafin shiga kawai, inda ake rubuta suna da lambar sirri. Ya goge, ya kankare, ya auna, ya sake aunawa, har shafin ya zama kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Ranar da aka tara iyaye za a nuna musu, suka shiga da gudu kuwa, sai dai babu komai a ciki. Shafin sakamakon ma bai fara rubuta shi ba. Makarantar ta sallame shi, ya dawo gida yana cewa mutanen ba su san inganci ba. Wuri na biyu ma bai daɗe ba. Can kuma kullum da safe sai ya ɗauki hoton jajayen layukan abokan aikinsa ya tura wa kowa nasa, har da shugaban sashen. Wata rana suka haɗa kai suka ce ko shi ko su.

Daga nan ya kwanta a doguwar kujerar falonsu, kwamfuta a kan ciki, har katifar kujerar ta loma daidai jikinsa.

Ƙanwata Auta malamar firamare ce. Ita ta ɗauki gidan a kanta. Ta fita tun da sassafe, ta dawo da tarin littattafan yara a jaka, ta shiga kicin, shi kuma ya taso ya jingina da ƙofar kicin ɗin, ba don ya kama mata komai ba. Na gani da idona. Tana yanka albasa yana duba agogon wayarsa, ya ce, "Kin gani, nan ne jan layinki. Da za ki ɗora ruwa kafin ki fara yankan, da kin rage lokaci." Famfon kicin ɗin kuwa wata da watanni yana ɗiga a bayan kansa, an tara masa roba. Na ce, "Malam, shi wannan famfon wane launi ne?" Ya ce ai wannan ba fanninsa ba ne.

Auta ta rame. Ta daina zuwa gidan Umma, mahaifiyarmu, don ta gaji da tambayar "Ya mai gidan, an dace da aiki kuwa?" Rannan ta same ni a gida, ta zauna a bakin gadona, ta soma magana.

"Yaya, na ji kuna neman mutum a ofishinku."

Na ce, "Auta, kar ki fara."

"Ba don shi ba, Yaya, don ni. Wallahi in na buɗe ƙofa na gan shi a kan kujerar nan, ƙirjina ke yin nauyi. Ina son mijina, amma na fara jin ba na son shiga gidan. Ki taimake ni ya riƙa fita da safe kamar kowane namiji. In ya sake komawa kujerar nan, ban san abin da zai rage tsakanina da shi ba."

To ina zan sa kaina? Ni na goya yarinyar nan. Washegari na samu Oga na ce ina da mutum, ya iya kod, kuma gaskiya ne, ya iya. Abin da bai iya ba shi ne sanin dalilin da ya sa ake rubuta shi. Wannan ban faɗa wa Oga ba.

Haka ya shigo mana da jakarsa da robar ruwansa. Auta ta riƙa goge masa riguna tana jera su a ƙusa, kowace rana da tata. Ta ciko, dariyarta ta dawo, ta koma zuwa gidan Umma har tana tsokanar mutane. Ni kuma a ofis na zama makiyayiya. Duk aikin da aka ba shi sai na bi bayansa. A ce ya gyara maɓallin da ba ya dannuwa, sai ka dawo ka tarar maɓallin yana nan yadda yake, shi kuma yana can ya tsefe wani layi da babu wanda ya taɓa kuka da shi.

"Yaya, zo ki gani," zai ce, idonsa na ƙyalli. "Da ja ne, yanzu dubi."

"Na gani. Maɓallin fa?"

"Yanzu zan zo kansa."

Dogo yakan kwantar da kai a kan tebur don kar a ga dariyarsa. Oga kuwa, Allah ya ba shi lafiya, mutum ne mai son launi. Ya fi shekara goma rabonsa da rubuta kod, aikinsa yanzu shiga taro da amsa waya. In ya wuce ta bayan Mai Awo ya hango allo kore shar, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haka nake so." Mu da allonmu ke cike da aikin da ake jira, ko kallo ba mu ishe shi ba.

Babban aikin da ke hannunmu a lokacin na wani kamfanin bas ne mai zirga-zirga tsakanin garuruwa. Mun gina musu shafin da fasinja zai zaɓi kujerarsa daga wayarsa, ya biya, a turo masa tikiti. Sashen zaɓen kujerar ni na rubuta shi, kuma a cikinsa akwai layi guda da na fi ji da shi. Idan mutum ya danna kujera, layin nan sai ya je rumbun bayanai ya kulle kujerar, ya tsaya ya tabbatar babu wani da ya riga shi, sai ya dawo ya ce a ci gaba. Zuwa da tsayuwar da dawowar suna cin ɗan lokaci, kusan numfashi guda. Dole ne ya ci, don aikinsa ke nan, tsayuwa a bakin ƙofa kar mutum biyu su shige tare. A samansa na rubuta sharhi da manyan baƙaƙe cewa wannan layin yana hana sayar da kujera sau biyu, kada a taɓa shi.

A ma'auni, layin nan ja ne wur. Ya fi kowane layi ja a duk manhajar.

Tun ranar da Mai Awo ya hango shi ya rasa sukuni. Ya zo ya tsaya a kaina. "Yaya, layin nan naki fa shi ke cinye lokacin shafin gaba ɗaya."

Na ce, "Na sani. Karanta abin da ke samansa."

"Na karanta. Amma ma'auni ba ya karanta sharhi, lokaci yake gani."

"To kai da kake da ido biyu sai ka karanta masa. Bar shi."

Ya koma wurinsa, amma ina ganinsa yana leƙen layin daga nesa, kamar yaron da aka hana sosa ƙurji.

Sai ɗana ya kwanta zazzaɓi mai zafi, na yi 'yan kwanaki ban je ofis ba. Abin da ya faru a bayana Dogo ne ya ba ni labari daga baya, shi ma ji ya yi, don a ranar yana can kamfanin bas ɗin yana koya wa masu yankan tikiti aiki. Mai Awo ya samu fili. Ya share layin, ya share sharhin da ke samansa don kar ya dame shi, sannan ya gwada. Ya zaɓi kujera, ta zaɓu. Ya sake zaɓar wata, ta zaɓu. Ya yi ta gwadawa har ya gaji, ko sau ɗaya ba a samu matsala ba. Yo ina za a samu? A kwamfutarsa shi kaɗai ne fasinja a duniya. Babu wanda ke rige-rigen kujera da shi, shi ke shiga shi ke fita. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana auna layi bai taɓa tsayawa ya tuna cewa a ƙarshen layin akwai mutane ba, kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba.

Ya kira Oga ya nuna masa hoton da da na yanzu, ja ya koma kore. Oga ya ce, "Kai, madalla! Me muke jira? Ɗora shi." Ko tambayar me aka cire bai yi ba. Suka ɗora gyaran a kan shafin da jama'a ke amfani da shi, ana gobe makarantu za su yi hutu, lokacin da kowane ɗalibi da iyayensa ke kan waya suna neman kujera.

Da safe wayata ta fara kuka ina ba yaro magani. Manajan kamfanin bas ɗin ne, kuma ko gaisuwa bai yi ba.

"Malama, ki zo tasha ki ga aikinku."

Na bar yaron wurin Umma na hau mota. Tun daga bakin ƙofar tasha nake jin hayaniya. Bas uku a tsaye, injin a kashe, kowace an kewaye ta. Kowa ya ɗaga wayarsa sama yana nuna tikiti, kuma kowa gaskiyarsa ce. Wata mata da goyo tana tsaye a matakalar bas, wani dattijo mai sanda yana gabanta, lambar kujerarsu ɗaya. Kujerar gaba ta jikin taga mutum huɗu suka saya. 'Yan makaranta sun zube jakunkunansu a ƙasa, wata yarinya tana kuka tana kiran babanta a waya. Kwandasta ya cire hularsa yana share gumi, ana zaginsa a kan laifin da bai san ma da shi ba. Wani direba ya nuna ni ya ce, "Ga masu kwamfutar nan," sai duk aka juyo kaina. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A ofishin manajan na zauna, a kan wani benci kusa da buhunan kayan aike, na buɗe kwamfutata. Ban wahala wajen nema ba. Inda layina yake babu komai, kore shar. Na maido shi, na ɗora, na dakatar da sayar da tikiti na ɗan lokaci, sannan muka zauna da masu yankan tikiti muna ware wanda ya riga wani. Kamfanin ya ɗauko hayar wasu motoci daga waje, wasu fasinjojin suka haƙura suka koma gida. Dattijon nan mai sanda ya bar wa matar kujerar, ya ce shi jikarsa ce za a yi wa aiki a asibiti, amma ba komai, zai jira ta gaba. Ta gaban ba ta tashi ba sai bayan azahar.

Da na koma ofis na tarar da Mai Awo a kujerarsa, yana cin biskit. Ya ɗago ya ce, "Yaya, na ga kin maido jan layin."

Dogo ya miƙe ya fita, ya ce zai sha iska, don ya san in ya tsaya hannu zai sa.

Oga ya tara mu a kusurwarsa. Fuskarsa ta yi toka, manajan ya wanke shi tas a waya, kuma ya gaya masa saura kiris su nemi wasu. Na faɗi abin da na gani a tasha, har da labarin dattijon nan, sai Oga ya tambayi Mai Awo ko ya san abin da ya aikata. Ni na zaci zai sunkuyar da kai, ko don ganin idona. Ina! Juyo da kwamfutarsa ya yi.

"Ranka ya daɗe, a duba lambobin tukuna. Shafin bai taɓa yin sauri irin na jiya ba. Matsalar daga fasinjojin take, sun yi yawa a lokaci ɗaya."

Na ce, "Fasinja sun yi yawa a kamfanin bas."

"A lissafi nake nufi, Yaya."

Oga ya ce wa Mai Awo ya ba mu wuri. Da ya fita, Oga ya daɗe yana juya biro a hannunsa. Bai ambaci cewa shi ya ce a ɗora ba, ni ma ban tuna masa ba, ya sani na sani. Ya ce, "Malama, ke kika kawo shi, kuma na san abin da ke tsakaninku. Ba na son in shiga tsakanin 'yan uwa. Zan bar shi, amma da sharaɗi. Daga yau duk layin da ya rubuta ke za ki karanta, ki sa sunanki a kai. In aka sake samun irin ta yau, ke zan tambaya, ba shi ba. Kin ɗauka?"

Kun ga wayon manya. Ya ɗauki wuƙar ya miƙo min da ladabi.

Na tuna Auta a bakin gadona. Na tuna yadda ta ciko. Wallahi bakina ya buɗe zai ce na ɗauka. Sai na waiwaya ta gilashin ƙofa, na hango shi a tsaye a baranda, ya ɗora kwamfutar a kan ƙarfen barandar. Daga inda nake ina ganin allon. Layina ne a buɗe, ja wur, shi kuma ya ƙura masa ido yana cizon leɓe. Ko awa ba a yi ba da gaya masa an bar tsoho a rana da jikarsa a asibiti, har ya koma yana neman ta inda zai ɓullo wa layin. Zan yi zazzaɓi wata rana. Ɗana zai sake kwanciya. Ba zan iya tsaron mutumin nan har ƙarshen rayuwata ba.

Na ce, "Ban ɗauka ba, Oga."

Ya gyaɗa kai, har da ɗan numfashin samun sauƙi. Ya kira Mai Awo ya gaya masa an sallame shi. Mai Awo ya tattara jakarsa da robar ruwansa, ya yi wa kowa sallama hannu da hannu, ya ce wa Dogo ya lura da wani layi a sashen biyan kuɗi, yana ɗan ja. Bai kalle ni ba.

Bayan an tashi ban wuce gida ba, gidansu na nufa, don gara ta ji daga bakina. Na yi sallama, Auta ta amsa da fara'arta daga tsakar falo. Ta shimfiɗa bargo a kan tebur tana guga, rigunansa na sati mai zuwa, wasu har an rataye. Shi kuma yana kan doguwar kujera, kwamfuta a kan ciki, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya, sannu da zuwa! Ya jikin yaron? Yanzu yake ba ni labarin yadda ya sa shafin bas ɗinku ya koma kamar walƙiya. Wai har Oga ya yaba."

Na dube shi. Ya ƙara matso da allon kusa da fuskarsa.

Na ce, "Auta, ajiye dutsen gugar."

Ba ta ajiye ba. Na faɗa mata duka a tsaye, tasha, matar nan mai goyo, dattijon, sharaɗin Oga, da amsar da na bayar. Ban rage komai ba, ban kuma ƙara ba. Tana ji tana guga. Ta gama hannun rigar, ta juya ta, ta bi wuyan a hankali, ta bi layin maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ta a hanga ta rataye kusa da 'yan uwanta. Sannan ta zare wayar dutsen daga bango, ta naɗe ta a hannunta.

"Oga ya ce zai bar shi in kin yarda?"

"Ya ce."

"Ke kika ce a'a."

"Ni na ce."

Ta kalli kujerar, ta daɗe tana kallon ta, shi kuma yatsunsa suna ta aiki a kan kwamfutar. Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, da ko wanne ta yi da na samu sauƙi. Sai ta je ta buɗe min ƙofa, ta riƙe labulen.

Ta ce, "To, Yaya. Ki gaida Umma."